Kwanar Da Ba A Danna Hon

Masu zuwa dubiya kowa sai ya tambaye ni yadda abin ya faru, ni kuma bakina ya gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Sunana Hajara, a unguwa Maman Hafsatu ake ce min. Mijina Malam Sale direba ne, ko in ce dā direba ne, yana ɗaukar fasinja daga Birnin Gwari zuwa Kaduna a wata ƙaramar mota ta maigidansa. Ni mutuniyar gida ce. Ƙosai nake soyawa da safe a tsakar gida, labarin duniya kuma a bakin masu saye nake jin sa.

Wanda bai san hanyarmu ba sai na ɗan yi masa bayani, in ba haka ba zai ce mijina ganganci ya yi. Kwalta ce guda ɗaya, mai tafiya da mai dawowa duk a kanta. Ruwa da manyan motoci sun cinye ta, har a wasu wuraren abin da ya rage mai lafiya ɗan siriri ne a gefe guda, sauran duk ramuka. Direbobi suna ce wa wannan gefen “mai kyau”, kuma kowa shi yake bi, ko hannunsa ne ko ba hannunsa ba. Dā in za a sha kwana ana danna hon, na gaba ya ji ya koma nasa gefen. Tun da mutanen daji suka fara tare hanya aka daina. Ba wanda ya kafa doka. Fasinja ne ma ke hanawa. Malam ya sha ba ni labari, da ya kai hannu sai wani daga baya ya ce, “Direba, kiran su kake yi?” Ciyawar bakin hanya kuwa, da ’yan ƙauye ke yin gayya su sare bayan damina, ƙauyukan sun watse, gamba ta fi mota tsawo. Ga gudu, don ba mai tafiya a hankali a cikin daji. Ga shiru. Haka ake bin ta.

Ranar ina tsakiyar suya Yaya Haruna, wan mijina, ya shigo ba sallama. Ya ce, “Hajara, Sale ya yi karo da a-kori-kura a kwanar gamba. Yana da rai.” Na ce to. Na juya ƙosan da ke cikin mai, na kwashe, na zuba wani. Sai da na ƙarar da ƙullun nan tas sannan na ɗauki hijabi. Har yau mata na yaba min, wai Hajara akwai dauriya. Ba dauriya ba ce. Kamar an zare min wani abu ne daga ciki, aka bar jikin yana ta aikinsa.

A wani asibiti cikin gari na same shi. Fuskarsa ba ta ji ciwo sosai ba, amma ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta yi kama da ƙafa ba. Waɗanda suka zauna gaba tare da shi ba su kai gari da rai ba, Allah ya jiƙansu. Ma’aikatan sun yi abin da za su iya, suka tsayar da jini, suka wanke, suka naɗe. Babbansu ya ce, “Ƙashin ya farfashe, har ya huda fata. Wannan aikin likitan ƙashi ne. Ku kai shi Kaduna da ayarin farko da jami’an tsaro masu rakiya za su fitar.”

Yaya Haruna ya ce, “Ta wace hanya? Ta wadda ta karya shi?”

Inna, uwar mijina, ta kama hannuna ta ce, “A can zarto ne maganinsu. Ka shiga da karaya, ka fito da dungu.”

Shi kansa Malam, ido a rufe, ya ce, “Hajara, kar ki bari a yanke min ƙafa. Da ita nake taka birki.”

Na ce, “Ba zan bari ba.”

Muka dawo da shi gida, aka kira Baba Ɗanjuma mai ɗori. Mutumin wajen Kuyello ne, tashin hankali ya koro shi cikin gari. Ba zan zage shi ba. Shi ya ɗora hannun Hafsatu lokacin da ta faɗo daga katanga, yau da hannun take daka. Ya zo da karansa da man shanunsa, ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafar dama ya ɗaure da ’yan tsinke, ya ce ran da ta taka, mai gida ma ya kama hanyar takawa. Sannan maza suka danne Malam aka ja ƙafar. Ƙarar da ya yi maƙwabta sun ji. Ni ina bakin murhu ina dafa ruwan zafi, ina kallon tukunya.

Satin farko gida bai rabu da mutane ba. ’Yan tasha suka zo da buhun masara, matan unguwa suka karɓe min girki, Allah ya saka musu. Kowa kuma da shawararsa. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce man kaɗanya, wata ta ce a ba shi romon ƙafar sa kullum, ƙashi ƙashi yake so. Ƙafar ta kumbura har karan ya nutse cikin nama. In na yi magana sai a ce zafin ɗori ne, ƙashi ne ke kamawa. Ba ya barci, ba ya cin abin kirki, kunu kawai.

Tun aurenmu da babban yatsan ƙafarsa nake tashinsa sallar asuba. In na ja sai ya ce, “Ke dai ba ki san sallama ba.” A sati na biyu wata safiya na ja yatsan, bai motsa ba. Na sake ja. Na mintsine shi da farce har farcen ya shata. Yana ta numfashinsa. Yatsan sanyi ƙalau, kamar na taɓa gindin randa. Na gaya wa Inna, ta ce sanyin safiya ne, in rufa masa bargo.

Daga nan yatsun suka fara duhu. Wani wari ya fara tashi, na riƙa kunna turaren wuta kafin masu dubiya su shigo. Zazzaɓi ya rufe shi, yana kiran sunayen garuruwan hanya ɗaya bayan ɗaya kamar yana lodi a tasha. A wannan satin ne kazar ta sauke ƙafarta ta taka, tana ɗingishi har bakin rijiya. Inna ta yi guɗa. Ta ce, “Kin gani ko, mai gajen haƙuri?”

Da Baba Ɗanjuma ya zo ya kwance, ya daɗe yana kallo. Ya ja Yaya Haruna zaure. Ni kunnena ba ya barin magana ta wuce, ina bayan ƙofa na ji shi yana cewa, “Haruna, ni ƙashi nake haɗawa. Wannan nama ne ya mutu. Ta fi ƙarfina. Ku tafi da shi yau.” Na gode masa da wannan, don akwai waɗanda da sun ci gaba da shafa mai har a yi jana’iza.

Amma yau ɗin ba ta yiwu ba. Masu rakiya ba kullum suke fita ba, kuma ba direban da zai shiga daji shi kaɗai. Muka zauna muna jiran ayari, ina canza tsumma, ina ƙara turare. Da ranar ta zo aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyata. Muka wuce kwanar gamba. Motocin biyu suna nan an ture su cikin ciyawa, hanci da hanci, kamar raguna da suka gaji da karo. Direbanmu ya karkata ya hau mai kyau, ya sha kwanar a guje, ba hon.

Asibitin Kaduna layi ne a kan layi. Layin kati, layin hoton ƙashi, layin gwajin jini, layin biya, kowanne a gini daban, kowanne sai an ce ba nan ba ne, can ne. Yaya Haruna ne ya yi ta zirga-zirgar, ya sayar da babur ɗinsa ta waya, ya kuma ba da jininsa. Na riƙe shi a zuciya kan maganar ɗori, amma wannan ma na riƙe. Wata nas da ta buɗe ƙafar ta ja baya ta daka mana tsawa: “Kullum haka kuke! Sai abu ya ruɓe ku kwaso mana!” Ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Ita ce kuma daga baya ta nuna min inda ake samun ruwan zafi, ta ba ni aron bokiti.

Likitan bai da yawan magana. Ya danna nan, ya danna can, ya ce, “Ƙafar nan ta riga shi rasuwa. In muka bar ta, za ta ja shi su tafi tare.” Maganar nan ta zauna min a kai, har yau in ina wanke-wanke sai in ji ta.

Aka ce sai wani ya sa hannu. Yaya Haruna ya juya ya fuskanci bango. Ya ce, “Hajara, ke ya yi wa magana. Ni na riga na yanke shawara sau ɗaya.”

Na je bakin gadon. An sa masa ruwa, zazzaɓin ya ɗan sauka, ya gane ni. Na ce, “Malam, sun ce ko ƙafar, ko kai.”

Ya ce, “Kin ce ba za ki bari ba.”

“Na ce.”

“To?”

Na ce, “Hafsatu ba ƙafa take ce wa Baba ba.”

Ya kawar da kai. Na dangwala yatsa a takarda, aka tura shi ɗakin tiyata. Na fita baranda na zauna, na ga tawada a yatsana, na yi ta gogewa da bakin zane. Da aka fito da shi, bargon ya kwanta shafe a inda bai kamata ba. Sama da gwiwa suka yanke.

Ya yi kwanaki ba ya min magana. Yana karɓar kunu, yana bari in goge masa jiki, in juya shi, in zubar da fo, amma ido a silin. Wani lokaci sai ya kai hannu ya sosa katifa, can ƙasa inda ba komai. Nas ta ce haka suke yi, ƙafar da ta tafi takan yi ƙaiƙayi.

A barandar nan masu jinya ke shimfiɗa tabarma. Kusa da tawa akwai wata mata da na ji Hausarta na san ta wajenmu ce, irin ta Gwarawan Randagi. Sunanta Saratu. Ita ta fara miƙo min dafaffiyar doya, ni kuma na ba ta yaji. Muna wanke kwanuka a famfo na ce, “Me ya sami naku?”

Ta ce, “Mota, Maman Hafsatu. Ya ɗauko masara a a-kori-kura. Gaba da gaba, a kwanar nan mai ciyawa.”

Na ci gaba da cuɗa kwanon. Na ce, “Yaushe?”

Ta faɗi ranar. Sai ta dube ni, na dube ta. Ruwa na ta zuba a bokiti har ya cika ya malala. Ta ce, “Wayyo Allah.” Na ce, “Miƙo min soson.”

Mijinta Bitrus yana can ƙarshen ɗakin, ƙafarsa da ƙarafa sun huda ta ko’ina kamar an kafa mata tsani. ’Yan cocinsu ne suka sa shi a ayarin farko, wanda aka ce mu ma mu bi. Ƙafarsa tana nan. Yatsunsa na motsi, na gani da idona. Na ɗauka zan ji ƙyashi, ko fushi. Na tsaya ina jira, ba abin da ya zo. Muka ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya ni da Saratu. In za ta coci ran Lahadi ni ke duba mata Bitrus, in zan yi salla ita ke zama wajen Malam.

Wata rana na fita bakin ƙofar asibiti sayen lemo, na tsaya ina kallon titi. Motoci na ta wucewa a guje, waɗannan gabas, waɗancan yamma, a tsakaninsu wata ’yar katangar siminti da ba ta wuce ƙuguna ba. Ko direba ya so ya shiga hannun wani, ba ta inda zai bi. Na daɗe a wurin har mai lemo ya ce, “Hajiya, canjinki.” Ni dai abin da ke yawo a kaina shi ne, ashe ana iya haka. Katangar gidanmu ma ta fi ta tsawo.

Da likita ya zo zagaye na kasa yin shiru, na tambaye shi ko ’yar katangar titin nan ce ke hana karo. Ya ce, “Ana haɗari a ko’ina, Maman Hafsatu. Amma inda aka raba hanya, ba a kawo min mutum biyu da suka haɗu fuska da fuska. Gudun wannan da gudun wancan ne ke taruwa a jikin mutum.” Ya ce ko ba a samu raba ta ba, a cike ramuka kowa ya samu hannunsa, a ja farin layi, a faɗaɗa kwana, a share ciyawa mutum ya hango na gabansa. Ya ce, “Ni ɗinki kawai na iya. Masu gyaran hanya sun fi ni maganin wannan ciwon.” Ya wuce gado na gaba.

Bitrus ne ya nemi a tura kekensa zuwa gadon Malam. Ni da Saratu muka tsaya daga ƙafar gado, kowa na tsoron abin da zai fito. Ya ce, “Sannu, Malam Sale.”

Malam ya dube shi, ya dubi ƙarafan. Ya ce, “Kai ne mai masara.”

“Ni ne.”

“A hannunka nake.”

Bitrus ya ce, “Wane hannu? Kafin kwanar ni ma a naka na taho tun daga gada. Hannu ɗaya ne a hanyar nan, na kowa ne.”

Can Malam ya ce, “Na ɗora hannu a kan hon. Wallahi na ɗora. Sai na ɗauke.”

Bitrus ya ce, “Nawa hon ɗin ma yana yi. Sabo ne, ban taɓa danna shi a dajin ba.” Ya ɗan yi dariya ba daɗi. “Mun ɓuya wa ɓarayi, mun ɓuya wa juna.”

Malam ya ce, “Masarar fa?”

“Birai sun gode.”

Ranar ce Malam ya fara yi min magana. Ba wata babba ba. Ya ce kunun ya yi ruwa.

Sauran makonnin wankin ciwo ne da koyon sanda. Ya faɗi, ya tashi, ya zagi sandar, ya sake ɗauka. Awakina suka tafi a kuɗin magani, kaskon suya ma saura kaɗan ya bi su, Saratu ta hana. Mu aka fara sallama. Ta raka mu har bakin ƙofa ta cusa min ƙullin gyaɗa a jaka, ta ce in ta dawo za ta zo cin ƙosai, kuma ba za ta biya ba.

To ga abin da zan ce wa wanda ya karanta. In ƙashi ya huda fata, kar ku tsaya, ku bi ayarin farko ko da tsoro. In yatsa ya yi sanyi, ko an mintsina mutum bai ji ba, ba ƙashi ne ke kamawa ba. Masu iko da hanya kuma, ban san ofishinku ba, ban san yadda ake shigarsa ba. Na dai ga ’yar katangar nan da idona, na kuma ga abin da aka ɗauke daga gadon mijina a naɗe cikin leda.

A tashar Kaduna ’yan uwansa direbobi suka ba shi kujerar gaba don ya samu wurin sanduna. Ni ina bayansa daidai. Direban abokin aikinsa ne, Ɗanlami, yana ta jan shi da hira har muka shiga daji, sannan kowa ya yi tsit, aka kashe rediyo. Da muka doshi kwanar gamba Ɗanlami ya karkata ya hau mai kyau. Na ga dungun Malam ya motsa cikin wando, yana neman birki. Sai ya miƙa hannu ta kan sitiyari ya danna hon. Ya danne bai saki ba.

Mota ta rikice. Wata tsohuwa ta hau salati. Wani daga baya ya ce, “Kai, gurgu, so kake a kwashe mu?” Ɗanlami na cewa, “Sale, Sale, don Allah!” amma bai ture hannun ba. Ƙarar ta shiga ciyawa, ta shiga itatuwa, na ji ta har cikin haƙorana.

Muka sha kwanar. Ba kowa. Ba mota, ba ɗan bindiga, sai gawar motocin nan biyu da ciyawa ta fara fitowa ta tagoginsu. Malam ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Mutumin baya ya ci gaba da mita har ya gaji.

Da muka shiga gida kazar ce ta fara fitowa, da gudunta, ko ɗingishin babu. Inna ta ce a yanka ta a yi masa romo. Malam ya ce a bar ta.

Yanzu a zaure yake wuni, yana karɓar kuɗin ƙosai, direbobi na tsayawa su gaishe shi. Shi kuma sai ya ce wa kowanne, “Ka danna a kwanar gamba.” Wasu su ce to, wasu su yi dariya. Har yau ban yi kuka ba, ina dai jira. Da asuba kuma hannuna yakan tafi ƙasan gado da kansa, ya dafa katifa. Sai in zagaya ɗaya gefen in ja yatsan hagu.